Ranar Da Keken Keziah Ya Koma Baya

"Ka makara," in ji Cyrus Dabney. Bai ko ɗago kai daga bindigar da yake gogewa ba.

Rana ta take tsaka. Lemuel Haskins ya gangaro cikin wani kwazazzabo da buhun busasshen kashin ɓauna a kafaɗa. Da sunan tsintar makamashi ya baro ayari, don a wannan fili ko karan da za a hura wuta babu.

Su uku ya tarar. Ga Cyrus, ogansu. Ga Orrin Tabb mai ido ɗaya. Ga kuma Jubal, yayan Lemuel, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsu raba matafiya da dabbobin da ke jan kekunansu, su kora su can gaba su sayar wa wani ayarin. Lemuel ne ɗan leƙen asirinsu. Mako bakwai ke nan da ya shiga ayarin masu zuwa Oregon, can yammacin Amurka, a matsayin mai koran shanu.

"Dubi kumatunsa," in ji Orrin. "Shegen ya yi ƙiba. Gwauruwar da kake kora wa shanu tana ɗura maka waken nan da kyau, ko?"

"Kai dalla rufe mana baki, mai rabin kallo."

"Ya isa," in ji Cyrus. "Alfadaran Whitlock nake tambaya. Yaushe?"

Lemuel ya durƙusa, ya jera tsakuwa uku a ƙasa. Dokar ayari ce, wanda ya ja gaba yau, gobe shi ne ƙarshe, don kowa ya sha rabonsa na ƙura.

"Yau tsoho Beasley ne a gaba. Gobe mu ne, ni da Gwaggo Keziah. Jibi Whitlock. Gata Whitlock ya koma baya, kuma ranar ce za mu hau gangaren yashi na Jan Dutse. Keken ƙarshe sai ya jira kowa ya haye. Zai zauna shi kaɗai a ƙasa, da alfadarai takwas."

"Gwaggo," in ji Cyrus a hankali. "Yaushe ta zama gwaggonka?"

"Haka kowa ke kiranta, Oga."

Cyrus ya daɗe yana kallonsa. "In na zo na tarar da wani abu daban, ba zan tsaya tambaya ba."

Jubal ya raka shi bakin kwazazzabo, ya tura masa guntun tabar tauna a hannu. "Ka kula, ƙanena. Kwanan nan Cyrus ko inuwarsa bai yarda da ita ba."

Lemuel ya jefa tabar a baki, ya kama hanya.

Madugu Eben Stroud na zaune a kan ganga lokacin da ya iso zango. Dogon mutum ne, mara yawan magana. Sau biyu yana kai ayari Oregon. Ya dubi buhun, ya dubi bakin Lemuel.

"Ka yi nisa yau, samari."

"Na kusa duk an tsince, Madugu."

"Haka ne." Madugu ya shinshina iska. "Taba ta ƙare a ayarin nan tun kafin mu ƙetare kogi. Jiya Beasley ganyen shayi ya tauna. Kai a ina ka samu?"

"A... aljihuna na tsinta. Tsohuwa ce."

"To, madalla da aljihu."

Ya sallame shi da hannu. Amma Lemuel ya ji idonsa a ƙeyarsa har ya isa keke.

Keziah Pruitt na tsugune tana shafa wa wani sa kitse a kofato. Mijinta ya rasu a makon farko na tafiya. Abin da ya bar mata keke ne, da shanu huɗu ramammu, da 'yarsu Delia mai shekara biyar. Lokacin da amai da gudawa suka kwantar da Lemuel, kowa ya guje shi. Ita ce ta kwantar da shi a kekenta kwana shida, tana ɗiga masa ruwan shinkafa da cokali, ita kuma tana tafiya a ƙasa da bulala a hannu.

"Zo ka ci, ɗan nan," ta ce. "Ka tsaya kamar wanda aka aiko da mugun labari."

Da yammacin ranar jaririn gidan Loomis ya cika. Washegari aka haƙa kabarinsa a tsakiyar hanya, yadda aka saba, don kekuna su bi ta kai su daddale ƙasar, kada kyarkeci ya tono. Madugu ya cire hula ya ce, "Wanda ya binne nasa, shi ke fara wucewa. Yau Loomis ne a gaba. Kowa ya ja baya da kwana ɗaya."

Mata na kuka. Lemuel na ƙirga da yatsu a cikin aljihu. Yau Loomis. Gobe Keziah. Jibi, ranar Jan Dutse, Whitlock a gaba, Keziah a ƙarshe.

Ita ce Cyrus zai tarar a ƙasa.

Ya nemi fita tsintar makamashi, don ya kai wa Cyrus labari. Madugu ya ce akwai isasshe. Ya ce zai je farauta. Madugu ya haɗa shi da mutum biyu. Da safiyar ranar kanta ya je ya same shi.

"Madugu, shanunmu sun gaji. A sa mu a tsakiya yau mana."

"Layi layi ne."

"Yau kaɗai."

"Mako bakwai kana shan ƙura ba ka taɓa ƙorafi ba. Me ke bayan ayari yau, Lemuel?"

"Babu komai."

"To tunda babu komai, koma wurinka."

Da Lemuel ya juya, Madugu ya yafito mutum huɗu. "Ku ɗaura sirdi. In mun haye, mu ɓuya bayan dutsen can. Kada wanda ya gaya wa matarsa."

Rana ta yi sama sosai kafin keke na ashirin da ɗaya ya gama hawa. Ƙura ta lulluɓe gangaren. Saura Keziah. Lemuel ya ce mata ta ɗauki Delia su hau da ƙafa.

"Don me? Yarinyar na barci."

"Gwaggo, don Allah ki..."

Sai ƙarar kofato!

Dawakai uku suka ɓullo daga cikin ƙura, fuskoki a ɗaure da ƙyalle. Cyrus ya ja linzami. Ya dubi shanu huɗu masu haƙarƙari a waje. Ya dubi Lemuel.

"Ina alfadaran?"

"Oga, mutuwa aka yi, layin ya..."

"Oga?" in ji Keziah. Muryarta ta yi ƙasa. "Lemuel, ka san su?"

Bai iya kallonta ba.

"Tarko ne!" in ji Orrin, idonsa ɗaya na yawo. "Na rantse tarko ne! Shegen ya sayar da mu!"

"Kwance shanun," in ji Cyrus. "Ba zan koma hannu rabbana ba."

"Oga, in ka ɗauke su, nan za su mutu ita da yarinyar. Mil arba'in ne babu ruwa."

"Kwance, na ce!"

Lemuel ya matsa gaban karkiya, ya buɗe hannuwa. Bai gusa ba.

Cyrus ya ɗaga bindiga — Jubal ya zabura ya doke hannunsa — tau! Babban san gaba ya durƙusa, ya ja ɗan'uwansa ƙasa. Delia ta tsala ihu a cikin keke.

"Ƙanena ne, Cyrus!"

"Ashe ku biyu ne!"

Tau! Jubal ya sulalo daga sirdi, hannu a ƙirji.

"Ku ajiye makamai!" Muryar Madugu ce daga saman gangare. Harsasai suka fara ruwa. Orrin ya juya doki — bai yi taku goma ba ya kife. Wani harsashin ya sami sa na biyu a wuya. Cyrus ya kwanta a wuyan dokinsa, ya yanki fili.

"Ku bi shi! Kada ya kai duwatsu!"

Mahaya huɗu suka rufa masa baya. Cyrus ya san ƙasar, amma tsoro ya sa ya yanke ta busasshen rafi. Samansa ne kawai ya bushe. Dokin ya nutse har ciki. Suka jawo shi da igiya, laka har gemu, yana zagin uwar kowa.

Lemuel bai ga wannan ba. Yana zaune a yashi, kan Jubal a cinyarsa, yana gaya masa tabar ce ta tona musu asiri.

"Tabar nan," in ji Jubal, yana ƙoƙarin murmushi. "Da ban ba ka ba..."

Bai ƙarasa ba.

Kafin la'asar aka yi shari'a, maza goma sha biyu a tsaye cikin da'irar kekuna. Babu bishiya ko ɗaya, sai aka ɗaga sandunan jan keke biyu, aka haɗa kawunansu sama, aka rataya igiya. Cyrus ya nuna Lemuel da haɓa.

"Shi ya ƙirga mana kwanakin. Ku tanadi igiya biyu."

Aka gama da Cyrus. Whitlock ya ce igiyar ba ta gaji ba. Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

Madugu ya juya wurin Keziah. "Ke aka yi wa ɓarna. Me kika ce?"

Keziah ta dubi Lemuel. Delia na riƙe da gefen rigarta.

"Shanu biyu ba za su ja abin da huɗu suka ja ba," ta ce. "Gawa kuma ba ta ɗaukar kaya. Ku bar shi ya ɗauki garin da za mu ci a bayansa har Oregon. Amma kada ya ƙara kirana Gwaggo."

Madugu ya ƙara da nasa. Daga yau Lemuel ba shi da layi. Bayan keken ƙarshe zai riƙa tafiya, kullum, ko na wane ne.

Da safe suka sare keken Keziah gida biyu, suka mai da shi mai ƙafa biyu. A gefen hanya ta bar murhun ƙarfenta, da kujerar uwarta, da akwatin kayan aikin mijinta. Ta buɗe akwatin, ta shafa abin da ke ciki, ta rufe.

Lemuel ya haƙa wa Jubal kabari a tsakiyar hanya, shi kaɗai. Da ya gama, ya tsaya riƙe da hula yana kallon Madugu. Shi ma ya binne nasa.

Madugu ya kau da kai. "Na gaba, mu tafi!"

Keke ashirin da biyu suka bi ta kan Jubal, ɗaya bayan ɗaya. Keziah ta wuce ba ta waiwaya ba. Da ƙurar ta lafa, Lemuel ya saɓa buhun gari, ya duba ƙasa don ya yi wa yayansa sallama. Ya duba nan, ya duba can. Sawun ƙafafun keke ne ko'ina, iri ɗaya.

Ya gyara buhun a bayansa, ya shiga cikin ƙurar.