Hannaye a Bangon Tasha

"Goge hoton nan."

Tana kan tsani da buroshi a hannu ta hango injiniyan yana ɗaukar yayanta hoto. Ya sauke kyamarar.

"Masoyiya, aiki ne..."

"Na ce ka goge."

Hukumar gari ce ta ba ta bangon tashar jirgin ƙasa, ta zana baƙi irinta da suka zauna a unguwar. Shi ɗan ƙasa ne, aikinsa haɗa manhajar da in ka saita waya kan zanen za ka ji mutumin yana ba da labarinsa. A gindin bangon nan suka shaƙu.

Amma takardun zaman Yaya sun ƙare. Jiya kuma wata mai zane da aikin ya suɓuce mata ta raɗa mata cewa manhajar da ta gane fuska a bango za ta gane ta a titi.

A gida Gwaggo ta taɓe baki.

"Ɗan ƙasa ya so baƙuwa haka kawai? Ke dai fenti ya rufe miki ido."

Ta daina ɗaga kiransa.

Da safe ta zo da farin fenti don ta shafe Yaya daga bangon. Ta tarar da injiniyan yana jiranta. Ya miƙa mata wayarsa.

"Saita kan fuskarsa."

Ta saita. Shiru.

"Sauko da ita ƙasa."

Wayar na kaiwa kan hannayen da ke riƙe da almakashin aski, sai ga muryar Yaya. Ta buɗe hotunan da ya ɗauka, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Hannaye ne kawai: na mai burodi, na ungozoma, na Yaya.

"Fuska hukumar ta nema," ya ce. "Ban koya wa manhajar gane fuska ba."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kin sa hannu a kwangilar. In kin sani, ke ma za a tuhume ki."

Ta daɗe tana kallonsa. Duk da haka ta hau tsanin, ta zana wa Yaya hula mai inuwa har kan hanci. Ya riƙe mata tsanin.

Akwai gurbi ɗaya da ya rage a gefen bangon. Ta sauko ta jiƙa buroshi.

"Miƙo hannunka."

"Ai ni ba baƙo ba ne."

"A gidanmu baƙo ne kai. Gwaggo za ta ga kawunka ranar Asabar kan maganar aurenmu... Daina motsi."