Ƙugin Amfilifayar Marigayi

Mitar gwajin wuta guda. Sukuddireba uku. Ƙarfen narka dalma. Waya ƙulli ɗaya. Kaya kala biyu, da maganin hawan jini na Dada. Abin da ke cikin jakar Mas'uda ke nan lokacin da keke ya ɗauko ta daga tasha.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a Malesiya tana karatun lantarki, ta dawo ta kama aiki a Legas. Rabonta da Bauchi wata biyar, tun rasuwar mahaifinta, Alhaji Gidado. Shekaranjiya mahaifiyarta, Dada, ta kira ta ta ce an kama Obadiya.

Obadiya mai gyaran rediyo ne a Wunti. Shekara talatin yana abota da marigayi, shi ya koya wa Mas'uda riƙe ƙarfen dalma. Wanta Ashiru ya samo mai sayen tsohuwar amfilifayar mahaifinsu, na'urar ƙara sautin garmaho da rediyo, ya kai wa Obadiya ya goge ta. Da aka dawo da ita gida aka kunna a gaban mai saye, sai sifikun suka ɗauki ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Mai saye ya tafi. Ashiru ya ce Obadiya ya kwashe kayan ciki na asali ya sa na jabu, ya kai ƙara.

Ta ce wa mai keke ya fara kai ta ofishin 'yan sanda.

Sajan Irmiya ya ba ta minti goma. An fito da Obadiya ba hula, ba tabarau. Kwanansa huɗu a ciki.

"Baba, me ka yi mata?"

"Na hure ƙura. Na wanke makunnai. Shi ke nan."

"Ka kunna ta?"

"Wuni guda tana waƙa a shagona. Ba ƙugi ko kaɗan, kamar ranar da aka sayo ta."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa." Ya dubi Sajan. "Ya ce duk ɓarawo haka yake cewa."

Sajan ya ɗaga kafaɗa. "Hajiya, abu ya tafi lafiya ya dawo yana kuka. Hannu ɗaya ya taɓa shi. Me zan rubuta?"

"Wa ya ce maka lafiya ya tafi? An kunna kafin a kai?"

Sajan ya buɗe fayil, ya duba, ya rufe. Ba a rubuta wannan ba.

Obadiya ya ce a hankali, "Kasuwa na cika suka zo kama ni. Kafin yamma mutane sun kwashe rediyoyinsu daga shagon, har wanda ban gama ba."

A gida, a unguwar Ɗan Iya, ta gaida Dada, ta miƙa mata magani, ta wuce ɗakin mahaifinta. An yi sa'a akwai wuta. Ta kunna amfilifayar. Ƙugin ya cika ɗakin.

Ta rage murya har ƙarshe. Yana nan. Ta cire wayar garmaho, ta cire ta rediyo, ɗaya bayan ɗaya, tana saurare tsakani. Ya ragu, bai mutu ba. Ta kashe, ta kwance murfin.

Manyan kafasito biyu, masu tace wuta, na zaune inda ta san su. A jikin kowanne akwai kwanan wata da rubutun mahaifinta, da irin lambar bakwai ɗinsa mai sanda a ciki. Dalmar ƙasansu ta tsufa, ta dushe. Babu wanda ya kai mata zafi cikin shekaru. Taransifoma ma ita ce. Obadiya bai ɗauki komai ba sai ƙura.

Ta juya ga bango. Ta zura mita a soket, tsakanin ramin wayar ƙasa da na dawowar wuta. Kusan sifili ya kamata ta gani. Ta ga tasa'in.

Ta sami guntun rodi a bayan gida, ta kafa shi a laimar gindin famfo, ta ja wayarta daga can ta taga zuwa jikin ƙarfen amfilifayar. Ta kunna. Shiru. Ta cire wayar, ƙugi. Ta mayar, shiru.

Amfilifayar lafiyarta ƙalau. Gidan ne ya rasa wayar ƙasa, wadda masu gyara ke kira atin, wadda ke kwashe wutar da ta yoyo daga firiji da sauran kaya ta zuba ta cikin ƙasa. Yanzu yoyon ba shi da wurin zuwa, sai ya bi sifiku.

Ta kira Ladan, mai wayarin ɗin da ya sa musu inbata bara. Ya zo a kan babur, yana share zufa.

"Ka taɓa atin ɗin gidan nan?"

"Ni? Alhaji a kaina ya tsaya har na gama. Ya nuna mini koriyar waya ya ce in na taɓa ta sai ya yanke mini yatsa."

"Bayan ka gama ya ci gaba da jin faifansa?"

"Har na dawo duba batir na same shi yana ji. Ko sauro ba ka ji a ciki."

"Ka san inda wayar ta shiga?"

"Bango na ga ta bi ta yi waje. Ban bi ta ba."

Ita ta san inda ta shiga. Duk unguwar an san Alhaji Gidado ba ya alwala sai a kan wani faffaɗan dutse a kusurwar tsakar gida, nesa da famfo, kuma an ɗauka tsufa ne ko tsabar taurin kai. A ƙarƙashin dutsen akwai rami mai zurfin mutum, cike da gawayi da gishiri, a ƙasansa kuma farantin tagulla mai faɗin tabarmar salla. Ƙasar Bauchi na bushewa, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta shan wuta. Ruwan alwala sau biyar a rana shi ke riƙe laimar ramin.

Ladan ya taya ta ɗaga dutsen. Koriyar wayar ta shiga ƙasa kamar kullum. Mas'uda ta ja ta da yatsa biyu, ta fito. Taƙi ɗaya ce, an datse ta. Gawayin da ya kamata ya kasance a ƙasa yana sama, gauraye da jar ƙasa. An haƙe ramin an ɗauke farantin.

Ladan ya ce, "'Yan gwangwan ne. Har wayar masallaci suna kwasa."

"Su suna mayar da ƙasa? Suna mayar da dutse, su soka guntun waya don kada a gane?"

Ladan ya tsuguna ya duba ramin. Ta sallame shi.

Mutum huɗu suka san abin da ke ƙarƙashin dutsen. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ita ce, tana Legas. Obadiya bai taka gidan ba tun sadakar bakwai, Dada ta tabbatar.

Ta shiga kicin neman ruwa. Dada na tsaye a gaban firiji da silifas na roba masu kauri, ita da ba ta taɓa sa takalmi a cikin gida ba. An naɗe mariƙin firijin da robar tayar babur.

"Dada, firijin na jan ki ne?"

"Bai taɓa ba."

"To wannan fa?"

"Yayanki ne. Shi ya naɗa, shi ya sayo takalmin. Ya ce kada in kuskura in taɓa shi da ƙafa a ƙasa."

"Yaushe?"

"Bayan arba'in da kwana biyu. Ranar da ya kai ni Tirwun wajen ƙanwata ya baro ni wuni guda." Dada ta yi murmushi. "Yana kula da ni."

Ashiru ya shigo bayan la'asar. Ya ga dutsen a jingine da bango, ya ga ramin, ya tsaya.

"Injiniya ta iso. Har an fara rushe mana gida?"

"Yaya, wa ya gaya maka firiji zai ja Dada?"

"Tsohon firiji ne."

"Shekara ashirin yana nan, ba ka naɗe shi ba sai ranar da gidan ya zama ba kowa. Wanda ya san an cire atin ne kaɗai zai ji tsoron mariƙin firiji kafin ya ja kowa. Kai ka riƙa ɗauko wa Babanmu buhun gishiri. Ka san abin da farantin ke karewa."

Ya dubi Dada, ya dubi ƙasa.

"Ƙarfe ne a binne. Ba wanda ke amfani da shi. Ke kina can, ba ki san yadda ake riƙe gida ba."

"Ka san cire shi ne ya kawo ƙugin?"

"Ban sani ba. Wallahi ranar ban sani ba."

"Ranar. Daga baya fa?"

Ya ce, "Washegari na yi tunanin haka."

"Ka bar shi kwana uku a kan tunaninka."

Dada ta zauna kusa da dutsen da aka ɗaga. Ta dubi silifas ɗin ƙafarta, ba ta cire su ba. Ta ce, "Mas'uda, ya je ya janye ƙarar. A ce an sasanta. Obadiya mai haƙuri ne. Magana ta tsaya a gidan nan."

"In aka ce an sasanta, Wunti za ta ce an yafe wa ɓarawo. Ba wanda zai sake kai masa ko tocila."

"Ɗan'uwanki ne."

"Na sani, Dada."

Ta koma ɗakin mahaifinta. Ta mayar da murfin amfilifayar, ta ɗaure sukurori shida. Ta naɗe guntuwar koriyar wayar ta sa a jaka tare da mita. Ta kashe babban makunnin gidan, ta ce kada a kunna sai an binne sabon faranti.

Ashiru na tsaye a zaure. "Ina za ki?"

"Wurin Sajan. Daga can Wunti, tare da Baba Obadiya, a ƙafa, da sauran rana, kowa ya gan shi."

"Me za ki ce musu?"

Ta fita, ta ja ƙofar gidan ta rufe, ta amsa masa daga waje.

"Sunanka zan faɗa."