Wayar da Yaya Ya Naɗa

Na rantse ba za ku yarda da wannan labarin ba, kuma ba zan ga laifinku ba, don wanda abin ya faru da shi ya daɗe da ɓata bakinsa. Shi ne ya taɓa jefa ƙadangare cikin gangar Dogo. Shi ne ya shafa wa mai waƙa barkono a bakin makirufo ana dab da hawa dandali. Injiniya ake ce masa, ba don ya gama komai ba. Ya ɗan zauna a makarantar koyon sana'a, sashen lantarki, sannan ya ce malaman ba su da abin da za su ƙara masa, ya tattara ya fito. Su malaman labarinsu daban ne.

Shi ke kaɗa gitar bes a ƙungiyarsu, mai tsirkiya huɗun nan da ake jin muryarta a ƙirji kafin kunne. Su huɗu ne, kowa da sana'arsa da rana, da yamma su haɗu su yi gwajin kiɗa a wani tsohon sito a saman shagon masu faci.

Ranar da nake ba ku labari, rana ta kusa faɗuwa ya nufi ɗakin gwajin don ɗauko gitarsa, washegari suna da wasa a bikin yaye ɗalibai. Yana tafe yana fito, hannu a aljihu. Kwanakin nan kansa ya kumbura, kuma akwai dalili.

Dogo mai ganga yana da wa, wanda kowa ke ce wa Yaya. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya koya wa Injiniya inda ake ɗora yatsa. Bara ya rasu. Tun daga nan gitarsa ke rataye a falon mahaifiyarsu, sama da keken ɗinkinta, ba mai taɓawa. Sai ɓera ya shiga ta ramin da ake cusa waya ya yi ɓarna, Mama ta kira Injiniya.

"Kai ne ɗan gida," ta ce. "Ba zan ba baƙo ita ba. Ka gyara ka dawo mini da ita yadda take."

Ya ce, "Haba Mama, wannan ai aikin shan shayi ne."

Da ya kwance murfin a kan teburinsa, sai ya ƙura ido. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar sauti ya miƙa wa sifika. Makaɗa na ce masa fikof. Na Yaya ba na kanti ba ne. Da hannu ya naɗa shi, zare bisa zare, waya mai kaurin gashin kai, ya rufe da kakin zuma. Ashe nan sirrin yake. Shekara da shekaru Injiniya na neman wannan muryar mai nauyi, ya sauya tsirkiya, ya sauya sifika, bai samu ba.

Ya gyara ɓarnar ɓeran tsaf. Sannan ya ce wa kansa, gitar da ke rataye a bango me za ta yi da murya? Ya narka dalma, ya cire na Yaya, ya liƙa wani na gwanjo a gurbinsa, ya mayar da murfi. Na Yaya kuwa ya sa a tasa gitar. Mama ta karɓa ta sa masa albarka har sai da ya ji wuyansa ya yi nauyi.

A gwaji na gaba, bugu ɗaya ya yi, mai waƙa ya juyo.

"Kai, me ka ba ta ta ci?"

"Ni na naɗa fikof da hannuna," in ji Injiniya, yana karkaɗa kafaɗa. "Kun ɗauka sunan na banza ne?"

Dogo ya daɗe yana kallon gitar, sandunansa a kan cinya.

To, shi ne yau yake tafe yana fito. Mai faci na jan ƙofar shago lokacin da ya iso. Warin roba da baƙin mai ya cika wurin.

"A'a, Injiniya, yaushe ka sauko?"

"Yanzu nake zuwa dai."

Mai faci ya dube shi, ya dubi sama. "To wa ke gwaji tun ɗazu? Na ce yau kam yaron nan ya iya."

"An ɗauke wuta tun azahar fa, Baba."

"Shi ne nake mamaki," in ji mai faci. Ya datse kwaɗo, ya hau kekensa, bai ƙara waiwayowa ba.

Injiniya ya yi dariya. Ya san irin wannan, shi ma ya sha yi wa mutane. Ya hau matakalar ƙarfen da ke manne a bango, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Kwaɗon ɗakin na nan a rufe. Ya buɗe.

Ɗakin ba taga. Sun liƙe bangon da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara, shi ya sa in ka shiga sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga. Ɗan jan hasken da ya rage a sama ya biyo shi ta ƙofa ya kwanta a kan gangunan Dogo. Gitarsa na jingine a kusurwa, inda ya bar ta. Wayarta a naɗe a ƙasa. Sifika a kashe, filoginta ma a cire.

Ya ɗauka ya rataya a kafaɗa, ya sunkuya neman jakarta.

Sai wari ya zo masa.

Man zafi. Irin wanda Yaya ke shafawa a wuyan hannunsa na hagu tun da ya faɗi a babur. Kowa ya san in ɗakin ya ɗauki wannan warin, Yaya ya iso.

Injiniya ya miƙe a hankali. Ya ce a ransa wata tsohuwar kwalba ce ta fashe a wani lungu.

Ƙwas. Ƙwas.

A jikin gitar ne, daidai kan cikinsa. Bugun babban yatsa a kan katako, sau biyu. Haka Yaya ke yi kafin ya fara kowace waƙa, don Dogo ya shirya.

Ƙofa ta tafi a hankali ta rufe. Ba iska.

"Dogo," ya ce. Muryarsa ta fito siririya. "Na gane. Ka rama. Ya isa."

Katifun suka haɗiye maganar.

Babbar tsirkiya ta motsa. Bai taɓa ta ba. Ya ji ta tana rawa a jikin rigarsa, sannan sifikar da ba wuta ta amsa, ƙasa ƙasa, har ƙananan ƙarafan gangar Dogo suka fara kaɗawa. Ya cafke wuyan gitar da hannun hagu don ya kashe sautin.

Wani hannu ya sauka a kan nasa.

Sanyi gare shi, kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Yatsun sun fi na mutum tsawo. Suka ware nasa ɗaya bayan ɗaya, suka ɗora kowanne a inda ya dace, suka danna.

Kiɗan ya fara. Na Yaya ne, wanda yake buɗe wasa da shi. Injiniya ya shekara yana kwaikwayo bai taɓa samunsa daidai ba. Yanzu ga shi yana fita daga yatsunsa, ba kuskure ko ɗaya, shi kuwa hawaye na bin kumatunsa.

Ya laluba addu'a. Farkonta ya zo, ƙarshenta ya ɓace.

Kiɗan ya tsaya.

Numfashi a bayan kunnensa. Ba ɗumi a cikinsa.

"Wa ya naɗa?"

Raɗa ce, amma ba muryar Yaya ba. Wannan ta fi tsufa, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Ni..." Bakinsa ya saba, shi ya fara da kansa.

Yatsun suka matse. Ya ji tsirkiya na shiga namansa.

"Ina wurin," in ji muryar. "Ina zaune kusa da shi. Kai ban gan ka ba."

"Yaya ne. Yaya ne ya naɗa."

"Ka raba ni da gida."

Ya fizge. Igiyar ratayar ta shaƙe masa wuya, ya sunkuya ya zame daga cikinta, gitar ta faɗi, amma bai ji ƙarar faɗuwarta ba. Wani ya tare ta.

Ya daki ƙofa da kafaɗa. Matakalar nan bai san yadda ya sauke ta ba, rabi da ƙafa, rabi da baya. Takalmi ɗaya ya tsaya a sama. Yana gudu yana ji a bayansa, daga ɗakin da ba wuta, an koma kiɗan daga farko.

Abin da ya dame shi fiye da tsoron shi ne ba wanda zai gaya wa. In ya ce aljani, za su ce Injiniya ya fara. In suka yarda, za su tambayi abin da aljanin ke nema. Ya kwana da fitila a kunne, hannunsa a cikin ruwan ɗumi, layuka huɗu jajaye a kan yatsunsa. Ya wanke da sabulu har fata ta yi fari, warin man zafi bai fita ba.

Da safe, sai da masu faci suka buɗe, rana ta haska ko'ina, ya bar ƙofa a buɗe ya shiga. Gitar na jingine a kusurwa. Takalminsa na gabanta, an ajiye shi daidai. Ya kwance fikof ɗin a wurin, ya naɗe a hankici.

Dabararsa mai sauƙi ce. Mama kan je kai ɗinki da la'asar, Dogo na wurin aiki, shi kuma ya san inda ake ɓoye makulli. Zai mayar, ya fita, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Da la'asar ya lallaɓa ya shiga gidan, ya sauke gitar Yaya daga bango, ya kwantar a kan tebur, ya kunna ƙarfen dalma. Ya cire murfi ke nan, na gwanjon na leƙe a fili, na Yaya na kan hankici, sai labulen ɗaki ya motsa.

Mama ce. Ba ta je ko'ina ba. Dogo na bayanta.

Injiniya ya buɗe baki.

"Ci gaba da aikinka," in ji Mama. Ta zauna a kujerar keken ɗinki, ta gyara mayafi.

"Mama, dama na ga kamar wata waya ce ban..."

"Kar ka ƙara wata a kan wadda ka riga ka yi."

Ya sunkuyar da kai. Dalma na ɗiga a kan tebur.

"Tun daren da ka dawo da ita na sani," ta ce. "Kullum in rana ta faɗi, ana buga ta sau biyu. Tun bayan rasuwarsa. Na san ɗana yana inda Allah ya kai shi, ba shi ba ne. Wani ne da ya saba zama yana sauraronsa. Bai taɓa cutar da ni ba. In ya buga, sai in ce, to, ba ni kaɗai nake kewarsa ba. Ka kawo mini ita, na sa maka albarka, rana ta faɗi, na zauna ina jira. Shiru."

Dogo ya ce, "Ni kuwa bugun farko na gane. Kana tsaye kana cewa da hannunka. A gabana."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Mama ta ce a bar ka. Ta ce mai abin zai je da kansa."

Injiniya ya so ƙasa ta buɗe. A gidan nan ya ci, a gidan nan ya kwana ranar da mahaifinsa ya kore shi kan barin makaranta, a kan tabarmar Yaya. Ya liƙa wayoyin biyu, idonsa na cika yana sharewa da kafaɗa. Bai taɓa yin liƙi mai kyau irin wannan ba. Ya mayar da murfi, ya rataye ta a ƙusarta.

"Mama, ki yafe mini."

"Nawa mai sauƙi ne. Yau a wurin wasa, kafin ku fara, za ka gaya wa abokanka wanda ya naɗa, da bakinka, Dogo na tsaye."

"Zan faɗa."

Ya juya zai fita. Ta nuna masa tabarmar da ke ƙarƙashin gitar.

"Ina za ka? Ba ni kaɗai ka ɗauke wa ba. Zauna nan ka jira shi."

Ta tashi, Dogo ya bi ta, suka ja ƙofar falon. Ta taga yana ganin hasken na janyewa daga bango, yana hawa, yana barin gitar a duhu. Ya haɗa gwiwoyinsa. Warin man zafi ya fara tasowa, kuma wannan karon ba daga hannunsa ba.

Abin da aka ce masa a falon nan, bai taɓa gaya wa kowa ba. An dai ga ya zo wurin wasa a makare, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, kansa a ƙasa, ya kaɗa da fikof na gwanjo. Har yau da shi yake kaɗawa. Ƙadangaru sun huta, mai waƙa ya daina shinshina makirufo. In wani ya ce masa Injiniya, sai ya ce a dai kira shi mai bes. Kuma duk inda yake, ko ana tsakiyar gwaji, in rana ta kusa faɗuwa sai ya ajiye gita, ya sa hannun hagu a aljihu, ya tafi gidan Mama ya zauna a kan tabarmar nan har a buga sau biyu.