Kalmasar Rigar Ɗigo

"Wallahi ko ka bar ni in je, ko in goya 'yata in tafi gidanmu!"

Ina zaune a ƙofar shagon jikana na ji wannan magana. Kunnena ɗaya ya mutu tun ina yaro, amma ɗayan ko allura ce ta faɗi sai ya kawo min labari. Jikan nawa tela ne. Matarsa ce tsaye a kansa, riƙe da 'yarsu da muke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta.

"Rabin raina, rage murya mana... Kaka yana waje."

"Ya ji! Kowa ma ya ji!"

"Umma ta ce kada ki sake taka wurin nan. Ya kike so in yi? Uwata ce fa."

"Ni kuma uwar wannan ce!"

Ga abin da ya jawo rigimar. Asibitin unguwa sun buɗe wa mata aji, ana koya musu shayarwa da abin da za a ba yaro. Ranar da matar jikana ta fara zuwa, malamar ta kwantar da Ɗigo a katakon awo, ta ce yarinya ta fara tsumburewa, amma tunda ba ta cika shekara biyu ba, da sauran dama. Kafin la'asar magana ta zagaye layi. Surukata, uwar telan, ta ji ana cewa a gidanta ake barin yara da yunwa. Nan take ta sa doka.

Yaran nan kuwa auren so suka yi. Ni na je nema, ni kaɗai na kayar da kawunnanta da baki, ni da ban taɓa zama a aji ba. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar.

Matar jikan nawa ta ɗora Ɗigo a kan teburin yanka, ta kama bakin rigarta.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni mana."

"Me ka ce min ranar da ka yi mata wannan kalmasa mai faɗi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce yaro kamar shuka ne, kwana kaɗan za mu sake ta. Ka saki? Masoyi, dube ni... ka saki?"

"A'a."

"Sa'anninta nawa aka kawo maka rigunansu ka ƙara musu tsawo? Kai kuwa kana ta yi wa mutane alfahari wai ɗinkinka ba ya tsufa, rigar 'yarka tun bara take!"

Ya tsayar da keken. Ya shafa kalmasar da babban yatsa, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ga surukata ta faɗo shagon, mayafi a hannu.

"Har bakin titi ake jin ku! Ke, ba na hana ki ba?"

"Umma, don Allah..."

"Rufe min baki! Yarinya lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa. Gajarta gadon gidan nan ce. Ku dubi Baba! Ko shi ma malamar ce za ta auna shi?"

Telan ya durƙusa har ƙasa.

"Umma, ki gafarce ni... gobe ni zan kai ta da kaina."

"Me ka ce?"

"Ni zan kai ta."

"To ka zaɓa! In ƙafarta ta taka ajin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Matarsa ta ɗora hannu a ka. Shi ya kasa ɗagowa. Na san in na ƙara minti ɗaya a kan benci, ko aure ya mutu ko ɗa ya rasa uwa.

Na dogara sandata na shiga. Ni dai gajere ne, amma in na shiga ɗaki ana sanin an shigo. Na dubi surukata.

"Ke, kin taɓa ganin ubana?"

"A'a, Baba."

"To sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Yayyena duk haka suke. Ni aka yaye a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Uwata ruwan zafi take kaɗawa da ɗan gari ta ba ni, don cikina ya yi shiru. Sa'annina na layinmu duk an binne su, ni na ƙi mutuwa! Yunwa ta kama ni ta kasa kayarwa, sai ta gutsure min tsawo ta gudu da shi. Wannan ba gado ba ne, tabo ne. Na ɗauke shi da ƙarfina, amma ban bar wa kowa wasiyyarsa ba."

Surukata ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Baba, ni fa ban taɓa hana ta abinci ba..."

"Na sani. Cika ciki daban, gina jiki daban. Ƙwan nan da kike dafa min kullum da safe, daga gobe na amaryata Ɗigo ne. Ni na gama tsawona tun tuni."

Telan ya yi dariya cikin hawaye. Matarsa ta rarrafa ta kama ƙafar surukata.

"Umma, ki raka ni. In kina wurin, wa ya isa ya yi da mu?"

Surukata ta dube ta. Can ta goge ido da mayafi.

"Tashi ni. Kuma ki sa mata riga mai kyau."

Su biyu suka riƙa zuwa. Wake, ganye, kifi, ƙwai, duk suka shiga kwanon Ɗigo. Har surukata ta koma gyara wa matan layi dahuwa, kamar ita ta buɗe ajin.

Bayan damina, wata safiya na ji telan yana ƙwala kira: "Rabin raina! Zo ki gani!"

Rigar ta ɗage har gwiwar Ɗigo. Ya ɗauki reza, matarsa ta riƙe masa bakin rigar, ya bi zaren kalmasar a hankali har ta sauka.

Na ɗaga yarinyar na ce mata, "Amarya, a duk duniya ban taɓa yarda wani ya fi ni ba. Ke kaɗai na ba izini... ki wuce ni."