Faifai Na Biyu

Faifai ɗaya ya mutu a na'urar da ke ajiye hotunan marasa lafiya na asibitin. Injiniyan da ke kula da ita ya zare shi ya sa sabo, ya bar na'urar tana sake gina abin da ya ɓace daga sauran faifan. Daga nan ba shi da abin yi sai zuba ido. In wani faifan ya mutu kafin a gama, komai ya tafi, har hoton ƙwaƙwalwar yarinyar da za a yi wa tiyata da safe.

Yana zaune cikin sanyin ɗakin bayan isha'i, sai ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, ɗana. Kashe abin nan, kukansa ya hana jikokina barci."

"Yi haƙuri, Iya, in na kashe yanzu mun shiga uku. Wa ya buɗe miki?"

Fankokin na'urar na ta juyawa, amma ƙararsu ta ɗauke. Ya so miƙewa, ƙafafunsa suka ƙi. Ya so yin addu'a, harshensa ya yi nauyi.

"Wanne ne mai kukan?" ta ce. "Wannan?"

Wani siririn yatsa ya sauka kan faifai na biyu, koriyar fitilarsa ta koma ja, alamar shi ma ya mutu. Injiniyan ya bi hannun da kallo. Hannun ya bi ta kan kafaɗarsa, ya ratsa tsawon ɗakin. Tsohuwar tana nan a bakin ƙofa, ko motsi ba ta yi ba.