Mai Lambun Da Ya San Kakan Gizo-gizo

A can wani zamani, an yi wani mai lambu wanda bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba". Wata safiya shi da ƙanwarsa, wadda lambunta ke jikin nasa, suka tarar wasu gizo-gizo masu ratsin rawaya sun yi saƙa a tumatirinsu.

Ta ce, "Yaya, waɗannan suna da dafi kuwa?"

Saboda tsabar jarumta ya ja da baya taku goma, ya ce, "Na san su, na san kakansu! Da kallo kawai suke kashe raƙumi."

Ta ce, "Ikon Allah! Ni dai ban san su ba."

Masanin ya tara karmami, ya banka wa lambunsa wuta. Ita kuwa ba ta taɓa su ba. Ta yi kwana uku tana lura daga nesa, ta ga ƙwarin da ke cinye ganye suke kamawa. Ta kuma tambayi wata tsohuwar manomiya, ta ce mata ba ruwansu da mutum.

Da tumatir ya nuna, sai ga Yaya da kwando yana sosa ƙeya. Ta cika masa, ta ce, "Ɗauki mana, Yaya. Naka ai ka gasa shi tun yana fure."