Fanka Da Ƙusa

Hannun mutumin da ke cikin hoton ne ya haɗa su.

Satin farko ke nan da Auta ta shiga ajin koyon motsa hoto, a wani ɗaki da ke saman shagon buga takardu. Aikin da malami ya bayar ba wuya a baki: a yanko hannun wani mutum daga hotonsa, a sa shi ya ɗaga gaisuwa. Auta ta yanka tsaf, ta danna. Sai hannun ya rabu da jikin mai shi, ya kama juyi a tsakiyar allo.

Wanda ke kujerar gefenta, wani siriri da ake ce wa Dogo, ya danne dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Malama, gaisuwa aka ce, ba fanka ba."

"To gwani, zo ka kashe fankar."

Ya matso da kujera, ya nuna mata wani ɗan ɗigo a allon. "Kin ga wannan? Ni ƙusa nake ce masa. Duk abin da zai juya, a kansa yake juyawa. Manhaja a tsakiya take ajiye shi. Ja shi ki kai kafaɗa."

Ta ja ɗigon da maus, ta sake dannawa. Mutumin ya ɗaga hannu a hankali kamar ya hango surukinsa.

Daga ranar ta zama Fanka, shi ya zama Ƙusa.

Tare suka koyi sauran. Yadda ake raba hoto leya-leya, mutum daban, bango daban, kamar takardu a jere kan juna, kowace leya da ɗan zanen ido a gefenta, in ka rufe idon ta ɓuya. Yadda ake dasa alama a farkon motsi da ƙarshensa, manhaja ta cike tsakani. Da kuma aikin da kowa ke gudu: in ka cire mutum daga hoto yakan bar rami a bango, sai ka zauna ka cike shi.

Bayan aji kuma waya ta karɓi aiki.

"Fankata, kin isa gida? Tun da kika fita ɗakin nan ya ɗau zafi."

"Na iso, Ƙusata. Ka daina daɗin baki, ka je ka gama aikin malami."

Akwai wata a ajin, 'Yar Kwalisa, wadda kullum kwamfutarta sai ta ƙi aiki daidai lokacin da Dogo zai wuce. Auta na gani, tana ajiyewa a ranta.

Da magana ta yi nisa, Dogo ya je gaida mahaifin Auta. Baba tsohon mai ɗaukar hoto ne, yana da shago da labule mai zanen lambu da ya koɗe, da kujera ɗaya da rabin unguwa suka zauna a kanta. Ya saurari yaron har ƙarshe.

"Wato ni in tsayar da mutum, kai ka zo ka motsa shi?"

"Baba, ai ƙawata shi muke yi."

"Hoto shaida ne, yaro. Wanda ya iya sa shaida ta ɗaga hannun da ba ta ɗaga ba, zai iya sa ta faɗi abin da ba ta gani ba. Na bar 'yata ta koya don ta nace. Ban ce zan ba da ita ga gwanin abin ba. Ka gaida gida."

Dogo ya yi sallama ya fita. Kwana biyu Auta ba ta ji daga gare shi ba, sai ga saƙo da rana tsaka.

"Na yanke shawara. Bakina ba zai iya faɗa ba. Ki kalli wannan, za ki gane."

Bidiyo ne, daga hoton 'yan aji da malami ya ɗauka. Auta ta san hoton sarai: ita a gaba kusa da Dogo, 'Yar Kwalisa a bayanta, rabin fuskarta a ɓoye. Hoton ya fara matsowa a hankali zuwa inda take tsaye. Sai dai ba ta nan. An cire ta, an cike ramin tsaf, har an ƙarasa wa 'Yar Kwalisa fuskarta. Rubutu ya sauko a saman kan 'Yar Kwalisa: "Wannan ce matata, in Allah Ya yarda."

Auta ta rubuta, "Na gane. Allah Ya sanya alheri." Ta toshe lambarsa, ta daina zuwa aji.

An ce gani ya kori ji. Ban san wanda ya fara faɗar haka ba, amma ya raba mutane da yawa da ba su yi wa juna laifi ba.

Da Baba ya ga abinci na komawa yadda aka kai mata, ya kira ta shago.

"Auta, wa ya mutu?"

Ta miƙa masa wayar, hawaye na zuba. "Baba, kai ka yi gaskiya."

Da wani uban ne, da ya ce ai na faɗa miki, ya rufe maganar, ga nasara ta zo masa har gida. Baba dai ya ɗauko tabarau. Ya kalla, ya maimaita, ya sake maimaitawa.

"Zo nan. Kalli ƙasa, bar kallon fuska. Wannan inuwar ta wace ce?"

A kan siminti, inda ƙafafunta ya kamata su kasance, ga inuwa kwance ba mai ita, har da lanƙwasar jakar da take ratayawa. Kuma ba a tsaye take ba. A hankali take matsawa, sai da ta jingina da inuwar Dogo.

"Ni ban san aikinku ba," in ji Baba, "amma na san inuwa. Wa zai zauna yana wahalar motsa inuwar wadda ya goge?"

Auta ta dafe baki. "Ido! Baba, idon ya bari a rufe! Ya ɓoye leyata don ya cike bango, ya manta bai buɗe ba! Inuwar kuwa leyarta daban ce, ita bai ɓoye ta ba!"

"Kira min shi. Ya zo da kwamfutarsa."

Ta buɗe lambar. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan sama, na ƙarshe yana cewa: "Fankata, ko laifin me na yi, ki faɗa min sunansa kawai."

Ya iso yana haki. Baba ya sa shi ya kalli abin da ya aika, a gaban Mama da ta leƙo daga cikin gida. Dogo ya kalla, gumi ya karyo masa.

"Wallahi Baba ban duba ba. Sauri nake yi, na fitar na aika kawai."

Ya buɗe aikin, ya danna ɗan idon. Auta ta bayyana a gurbinta, ta rufe 'Yar Kwalisa, ta matso tare da inuwarta har kafaɗarta ta kusa taɓa tasa. Rubutun ya sauko a kanta.

Baba ya cire tabarau ya goge. "Na ɗauke ka maƙaryaci, na janye. Maƙaryaci sai ya duba aikinsa ya sake dubawa kafin ya nuna. Kai sakarai ne kawai. Shi kuwa sakarci, aure na gyara shi."

"Naka dai har yau muna jira," in ji Mama.

"Turo manyanka," Baba ya ce, kamar bai ji ta ba.

Auta ta raka shi bakin ƙofa. "Ƙusa, saura kaɗan ka auri 'Yar Kwalisa ba ka sani ba."

"Ki rufa min asiri, Fankata. Daga yau ko gaisuwa zan aika sai kin duba."

'Yar Kwalisa da ta ji labarin ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a bar mata bidiyon farko, don ba wanda ya taɓa gyara mata fuska haka.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba bai yarda kowa ya ɗauki hoton ango da amarya ba. Ya tsayar da su gaban labulen lambun nan, ya gyara wa Auta kafaɗa, ya koma bayan kyamara.

"Kada wanda ya motsa!" Ya ɗago ya kalli surukinsa. "Kai nake nufi. Har bayan an wanke hoton."

Hoton na nan rataye a falonsu, bai taɓa motsi ba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya bar idon kowannensu a buɗe a kan ɗan'uwansa.